Yadda Ake Mayar da Tsofaffin Rigunan Tishat Kayan Sawar Yara

Da wuya a shiga gida a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 da ke Legas ba a tarar da jakar da aka cusa rigunan tishat na manya waɗanda aka daina sawa ba. Wata wuyanta ya saki, wata hammatarta ta dafe, wata kuwa ta kamfe ce ko ta tallar kamfani da aka raba kyauta, maigida ya sa sau biyu ya ajiye. Yawanci ƙarshensu tsumman goge ƙasa ne, alhali yadin da ke gaba da bayan riga ɗaya ta babban mutum ya isa ya fitar da wando, ko riga, ko siket na yaron da bai wuce shekara 5 ba. A garin da zafi da gumi ke sa a canza wa yaro kaya sau biyu ko uku a yini, kuma shanya ke kwana ba ta bushe ba idan damina ta kankama a watan Yuni da Yuli, kayan zaman gida ba sa taɓa yi wa uwa yawa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne kamfanin da ya ɗinka rigar ya riga ya yi mafi wuyar aikin. Kalmasar ƙasan riga, da ta bakin hannu, da robar wuya, wato zoben yadi mai miƙewa da ke zagaye wuyan riga, duk an yi su ne da kekunan da babu irinsu a gida, kuma ɗinkinsu yana miƙewa tare da yadin ba tare da zare ya tsinke ba. Saboda haka dabarar gaba ɗayanta ita ce a tsara yanka yadda waɗannan wurare uku za su koma jikin kayan yaron kamar yadda suke. Wadda ta fara da datse kalmasa ta zubar, ta jawo wa kanta aikin da za ta sha wahalar yi, kuma ba zai kai na asali kyau ba.

Ba kowace riga ce ta cancanci a ɓata mata lokaci ba. A ɗaga ta wajen haske a nemi ƙananan hujojin nan da kan taru daidai cibiya, inda kan bel ke gogar yadi, domin ƙaramar huda a irin wannan yadi faɗaɗa take yi da kowane wanki. Sannan a kama yadin da hannu biyu a ja shi ta faɗi a saki. Idan ya koma yadda yake, yana da sauran ƙwari. Idan kuwa ya tsaya a sake, a bar shi ya tafi tsumma. A duba ɗan ƙyallen bayani da ke wuya ko gefen ciki, domin wadda aka rubuta auduga 100% ita ta fi dacewa da fatar yaro a yanayin Legas, tana shan gumi tana barin iska ta ratsa. Ta roba kuwa, wato foliyesta, irin yawancin rigunan kamfe da na ƙwallo, zafi take riƙewa, ta kuma ƙara wa yaro ƙurajen gumi. Idan rubutun ya goge, a yanko ɗan guntu daga hammata a sa masa ashana a cikin farantin ƙarfe: auduga tana ci da ƙauri irin na takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri.

Akwai kuma batun rubutu da zane, wanda ake yawan mantawa da shi sai an gama ɗinki. Rigunan gwanjo da yawa suna ɗauke da kalaman Turanci ko tallar giya da babu uban da zai so ya gani a ƙirjin ɗansa a hanyar Islamiyya, don haka a sa wanda ya iya karatu ya duba tun kafin almakashi ya taɓa rigar. Ko rubutun ba shi da aibu, zane mai kaurin roba yana manne wa ƙirji da gumi. Mafita mai sauƙi ita ce a yanki gaban kayan yaron daga bayan rigar, inda yawanci babu komai.

Wadda ba ta da tsofaffin riguna a gida, ko take son ɗinka da yawa ta sayar wa maƙwabta, za ta same su a kasuwar Katangowa da ke Abule Egba, ko a Yaba, ko a Aswani ranar Talata. Ba sai an yi rububin zaɓen farko lokacin da aka fasa dila ba. Ragowar da ake zubewa a ƙasa a sayar da araha su suka fi dacewa, domin abin da ya hana mutane saye, kamar girman da ya wuce kima ko tabo a kafaɗa, ba ya hana ɗinkin yaro komai. A nemi manya, XL ko XXL, ganin cewa XL kan kai faɗin inci 23 zuwa 24 da tsayin kusan inci 30. Ta gida ce ko ta kasuwa, a wanke ta da sabulu, a shanya a rana ta bushe sarai, a goge ta ta baibai don kada dutsen guga ya narkar da zane. Ba a yanka yadin da ya yamutse, domin alamar alli ƙarya za ta yi.

Kafin yanka, wajibi ne a san halin yadin. Tishat ba saƙa ce irin ta atamfa ko shadda ba, inda zare ke gitta zare. Madaukai ne ƙanana da aka sarƙe cikin juna, irin saƙar hular sanyi, sai dai sun fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa take miƙewa sosai ta faɗi amma kaɗan ta tsayi, kuma shi ya sa bakinta ba ya zarewa idan an yanka, sai dai ya nannaɗe. Dole ne ɓangaren da ya fi miƙewa ya zama shi ke zagaye jikin yaro, wato tsayin rigar babba ya zama tsayin kayan yaro. Akwai masu kwantar da abin awo a gicciye don su ci ribar yadi, sai a samu wandon da ba ya shiga ƙugu amma yana ta ƙara tsawo yana jan ƙasa. Idan bakin yadi ya dame ki da nannaɗewa, a fesa masa ɗan sitaci a danna da dutsen guga, zai kwanta.

Kayan aikin ba su da yawa: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, alli ko ragowar sabulun da ya sirance, fil, tef ɗin awo, roba mai faɗin inci 1 don ƙugu, da zaren foliyesta, domin ya fi na auduga jure ja. Abin da bai kamata a yi wa rowa ba shi ne allura. Allurar keke ta kullum, lamba 14 ko 16 da teloli ke ɗinka shadda da ita, tana da tsini mai huda zaren saƙar, ga shi kuma tana tsallake ɗinki a kan yadi mai miƙewa. A tambayi masu sayar da kayan teloli a Tejuosho ko Oshodi allurar bolfoyin, lamba 11 ko 12, wadda bakinta a ɗan zagaye yake, tana ratsawa tsakanin madaukai ba ta yanke su.

Idan keken yana yin zigizag, a saita shi siriri ƙwarai, yadda da ƙyar za a gane ba miƙaƙƙen ɗinki ba ne, shi ke nan an huta. Sai dai mafi yawan kekunan da ke gidajenmu baƙaƙen Butterfly ne ko Singer na hannu ko na ƙafa, masu miƙaƙƙen ɗinki kaɗai, kuma su ma suna yin aikin idan an bi su a hankali. A ƙara tsawon ɗinkin ya zama kamar taku 8 zuwa 10 a kowane inci, a ɗan sassauta zaren sama, sannan a riƙa jan yadin kaɗan da hannu biyu, ɗaya a gaban allura ɗaya a bayanta, yayin da yake wucewa. Ja kaɗan ake nufi. Idan ya yi yawa sai ɗinkin ya fito yana lanƙwashe-lanƙwashe. A gwada a kan ƙyalle biyu daga ragowar rigar, a ja da ƙarfi. Idan an ji zare ya yi ƙas ya tsinke, a ƙara sassautawa a sake gwadawa. Idan haƙoran keken suna haɗiye bakin yadin a farkon ɗinki, a shimfiɗa ɗan guntun jarida a ƙarƙashi a ɗinka tare, daga baya a yage shi.

Da wando ya fi kyau a fara, domin ba shi da wuya ba shi da hannu, kuma kuskure kaɗan ba ya nunawa. A ɗauko wandon yaron da ke yi masa daidai yanzu, a ninka shi biyu ƙafa a kan ƙafa, a jawo hantsar ta fito waje sosai. A juya tishat ɗin baibai a shimfiɗa ta a kan tabarma ko tebur, a daidaita kalmasar gaba da ta baya su hau kan juna. A ɗora wandon yadda miƙaƙƙen gefensa zai bi gefen rigar daidai, bakin ƙafarsa kuma ya zauna a kan kalmasar ƙasa. Daga nan a zana da alli, ana barin rabin inci a cikin cinya da lanƙwasar hantsa, da inci 1 da rabi a sama don ƙubaka. Wurin da ake yawan cutuwa shi ne ƙugu: robar tsohon wandon ta tsuke shi, don haka a miƙar da ita iyakarta kafin a sa alama, in ba haka ba sabon wandon ba zai wuce ɗuwawu ba. A kafe da fil a yanka gaba da baya tare, amma kada a yanka gefen rigar, domin shi ne zai zama gefen wandon. A ɗauki abin da aka yanka a kifa shi a ɗaya gefen rigar a fitar da ƙafa ta biyu.

Yanzu akwai ƙafafu biyu, kowace a ninke da fuskarta a ciki. A ɗinke cikin cinyar kowace, ana farawa daga kalmasa zuwa sama don bakin ya haɗu daidai. Sai a juya ɗaya ta koma fuska, a zura ta cikin wadda ke baibai, yadda fuska za ta haɗu da fuska, a daidaita ɗinkin cinya biyun a kafe da fil. A ɗinke lanƙwasar tun daga ƙugun gaba, ta hantsa, har ƙugun baya, sannan a sake bi sau na biyu, domin nan ne ke fara yagewa idan yaro ya tsuguna ko ya hau bango. A zaro ƙafar da ke ciki, wando ya fito. Kafin a yi ƙubaka, a rage gaban da kusan inci 1, ana karkata yankan a hankali zuwa gefe, domin baya yana bukatar tsawo fiye da gaba, balle ga yaron da ke sa famfas. A ninka saman ciki sau ɗaya tak, a ɗinka zagaye, a bar kafa ta inci 1. A auna ƙugun yaron a rage inci 1, a yanka roba daidai haka, a maƙala mata fil mai kulle a zura, a ɗora baki a kan baki a ɗinke sosai, a rufe kafar. Yana da kyau a maƙala ɗan ƙyalle mai wani launi a baya daga ciki, don yaro ya gane gaba da baya da kansa.

Riga ta fi wando neman haƙuri, kuma duk wahalarta a wuya take. A fara da cire robar wuyan babbar rigar: ko a farke ta da reza a hankali, ko a yanke ta dab da ɗinki idan tana da faɗi. A cire hannayen biyu ta bin ɗinkinsu, a raba kafaɗa da gefe, sai a samu falle biyu, gaba da baya. A ninka kowane falle biyu ta tsayi. A ɗauko rigar yaron da ke yi masa daidai, a ninka ta biyu, a tura hannayenta ciki don lanƙwasar hammata ta bayyana, a ɗora ninki a kan ninki, ƙasa a kan kalmasa, a zana da ƙarin rabin inci. Wuyan gaba ya fi na baya zurfi da kamar inci 1 zuwa 1 da rabi, kuma idan aka yanka su daidai da juna rigar za ta riƙa shaƙe yaro tana zamewa baya. Hannu kuwa daga tsohon hannun ake fitar da shi: a bar shi a ninke yadda yake, a ɗora hannun rigar yaron, ninkin sama a kan ninkin sama, baki a kan kalmasar baki, a zana a yanka.

A fara ɗinke kafaɗu biyun, fuska da fuska. Tun da kafaɗa ce ke ɗaukar nauyin riga kuma ita ce ba a so ta miƙe, a yanko siririn ƙyalle ta tsayin yadin a ɗora a kan layin a ɗinka tare. Daga nan a tsaya a gwada ramin wuyan a kan yaron kafin a ci gaba. Kan yaro babba ne idan aka gwama da jikinsa: jariri sabon haihuwa zagayen kansa kusan inci 14 ne, ɗan shekara 1 kusan inci 18, ɗan shekara 2 kusan inci 19, alhali kafaɗarsa ƙarama ce. Idan ramin ya shiga da ƙyar tun babu roba, a ƙara masa zurfi ta gaba, kada a faɗaɗa ta gefe, domin faɗin gefe shi ke sa riga ta zame daga kafaɗa.

A auna zagayen ramin da tef a tsaye a kan gefensa, yana bin lanƙwasa. Robar wuyan dole ta gaza ramin tsawo, kamar kashi 80 zuwa 85 cikin 100. Misali, idan ramin inci 15 ne, a yanka robar inci 12 da rabi, a ƙara rabin inci na haɗi. Idan an yi ta daidai da ramin sai ta tashi tsaye tana reto, idan kuma ta gaza da yawa sai rigar ta tattare a ƙirji. A haɗe bakinta biyu ta zama zobe, a mayar da ita ninkinta na asali, a raba ta kashi huɗu da fil, a raba ramin ma kashi huɗu, ana lura cewa kafaɗu ba su ne tsakiyar gefe ba tun da gaba ya fi zurfi. A ɗora zoben a kan fuskar riga, yankakken baki da yankakken baki, haɗin yana tsakiyar baya, fil a kan fil. Wajen ɗinki, robar kaɗai ake ja har ta kai tsawon yadin da ke ƙarƙashinta, yadin rigar kuwa a bar shi ya kwanta yadda yake. Idan an gama a danna da dutsen guga mai ɗan tururi, za ta kwanta luf. Robar da ta riga ta mutu ba ta da magani. A yanko falle mai faɗin inci 1 da rabi ta faɗin ragowar yadin, a ninka biyu, ya maye gurbinta, sai dai a bar shi ya ɗan fi tsawo tun da bai kai ta miƙewa ba.

Sauran aikin mai sauri ne. A buɗe rigar a shimfiɗe, a kafe tsakiyar kan hannu a kan ɗinkin kafaɗa, a ɗinka hannun tun gefe yana buɗe, domin ramin hannun yaro ya yi ƙanƙanta a zagaya shi a keke bayan an rufe. Sannan a ninka rigar baibai a ɗinke daga bakin hannu, ta hammata, har kalmasar ƙasa a tafiya ɗaya.

Ga 'ya mace, ƙasan babbar riga siket ne da ya kusa kammaluwa. A datse ta miƙe daga hammata zuwa hammata, a yi wa saman ƙubaka da roba kamar na wando, shi ke nan. Idan doguwar riga ake so, a nemo rigar yarinyar da ta yi mata gajarta amma ƙirjin bai matse ba, a datse ta inci 2 ƙasa da hammata. A yi layi biyu na ɗinki mafi tsawon taku a saman wancan ƙasan rigar, a ja zaren ƙasa a tattara shi har ya zo daidai faɗin ƙaramar rigar, a raba tattarar ko'ina daidai, a haɗa fuska da fuska. Wannan haɗin ba ya miƙewa sosai a keken miƙaƙƙen ɗinki, don haka a tabbata faɗinsa zai wuce kafaɗun yarinyar kafin a cire zaren tattara.

Kwalliya a kayan ƙananan yara tana da iyaka. Kada a sa igiya ko zariya a wuya, domin tana iya maƙalewa a ƙofa ko ƙarfen gado ta shaƙe yaro, kuma kada a ɗinka maɓalli ko ƙananan duwatsu ga wanda bai kai shekara 3 ba, tun da komai baki yake kaiwa. Aljihu daga ƙyallen wata riga mai launi daban ya wadatar, kuma yana rufe ƙaramin tabo idan an ɗora shi daidai wurin. A bi cikin kayan a datse duk zaren da ke reto, musamman a na jarirai, don kada ya naɗe yatsa.

Wadda ba ta da keke tana iya ɗinkin hannu, tana mayar da allura baya rabin taku a kowane ɗinki, ba tare da tsuke zaren ba, kuma irin wannan ɗinki yana jure ja fiye da yadda ake zato. In kuwa lokaci ya yi ƙaranci, sai ta yi yankan a gida, ta kafe komai da fil, ta kira ɗaya daga cikin telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi a layi, ta miƙa masa allurar bolfoyin ɗinta ta ce, "Malam, don Allah ka sa wannan, ka ƙara tsawon ɗinkin, kada ka taɓa kalmasar." Idan akwai shagon tela a kusa mai keken da ke yanke baki yana naɗe shi da zare a lokaci guda, wanda ake kira wibin, shi ya fi kowane dacewa da wannan yadi, kuma ana iya tara kaya biyar ko shida da aka yanka a kai masa gaba ɗaya. Robar wuya dai ita ce ba a bar wa mai sauri: a kafe ta da fil takwas maimakon huɗu kafin a miƙa, a kuma tsaya a kansa har ya zagaye ta.